Yadda munka riƙa kashe injin jirginmu da gangan shina sama

Duk wanda ya shigo shagonmu ya ga jirgin nan rataye a silin, da ya ƙirga farfela huɗu sai ya ce ai wanga ba ya faɗuwa, in guda ta mutu ga ukku nan. Lissafin da daɗin ji, amma da munka fita fili munka gwada sai munka iske maganar ba ta tsaya ga inji nawa sunka rage ba, ta tsaya ga wanne ya mutu, kuma jirgin na wane gudu lokacin da ya mutu.

Ni aikina haɗa sola da gyaran inbata. Jirgin tunanin Injiniya ne, dattijon da ya koya mani aikin wuta tun ina yaro, yanzu ya aje aiki amma kanshi bai aje ba. Burinshi ya haɗa ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum guda da batir, irin wanda a Amurka dokarsu ta 1982 ta yarda mutum ya tuƙa ba lasin in dai nauyinshi ba kowa ciki bai kai kilo 115 ba, gudunshi bai wuce kamar kilomita 102 a awa ba, kujera guda. Can ƙasar akwai masu saida irinsu da inji takwas takwas, wani mai suna Jetson ONE ma kamfanin da ke ƙera shi na cewa shina iya ci gaba da tashi in guda ya mutu. Toh amma Injiniya ya ce babu ɗan wanda zai zauna cikin komai sai ƙaramin ya nuna halinshi tukuna, shi ya sa munka fara da na gwaji mara mutum, fiffike mita 3, nauyi wajen kilo 9, inji biyu dama biyu hagu, ana tuƙa shi da rimot. Ƙanena ne matuƙi don shi hannunshi ya faɗa, ni nawa laftof da waya da dalma.

Kafin a zo maganar tashi akwai maganar mutane. Kowa ya san halin tsaron da ake ciki a jihar nan ta Sakkwato, abu ya bi ta saman gari shina ƙugi ba wanda zai tsaya tambaya ko wasan yara ne. Jirgi mara matuƙi a Najeriya ƙarƙashin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA yake kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro na da hannu ciki, wannan ɓangaren takardu Injiniya ya bi da kanshi. Filin jirgin Sultan Abubakar III kuwa ko kusa, mun yi can wani fako ta hanyar Kware bayan an cire gero, kuma sai da munka tahi munka gaida mai gari da jirgin a hannu, Injiniya ya ce ranka shi daɗe ga abin da za a gani sama, babu kyamara ciki, a duba. Mai gari ya sa anka ɗaga shi anka juya, ya ƙwanƙwasa fiffiken da yatsa ya ce to wanga ai kumfa ne, in ya faɗo ma akuya ba ta mutuwa. Ya ba mu yaro guda babba mai kore ƙanana daga fili.

Gwajin farko a ƙasa munka yi shi, bayan shago. Mun samo boris na tayar mota wajen 'yan gwangwan, munka ɗaure katako samanshi munka ɗora jirgin, ya zama shina iya juyawa dama da hagu amma ba ya gaba. Sai igiya daga wutsiya zuwa sikelin rataye, irin na masu saida gas, wanda anka ɗaure jikin ƙarfen taga. Kowane inji na sa mashi makunni nashi a rimot na biyu, yadda za a iya kashe guda ba tare da an taɓa sauran ba. A ba su totur gaba ɗaya, sikeli na nan wajen sifili don dama da hagu sun yi kunnen doki, sai a kashe guda a karanta.

Na ciki na hagu, wanda ke kusa da jikin jirgi kamar santimita 40, da anka kashe shi sikelin ya ɗan motsa. Na waje da ke wajen santimita 85 kuwa igiyar sai da ta yi ƙara, abin da sikeli ya nuna ya ninka na farko har da ɗan ɗori. Inji iri guda ne, farfela iri guda, ƙarfi guda, nisan da ke tsakaninshi da tsakiyar jirgi ne kawai ya bambanta. Kamar garmar shanu ce, sa guda ya tsaya ɗayan na ja, ai ba tsayawa garmar ka yi ba, kwana take sha zuwa wajen wanda ya tsaya.

Abin da ke hana wannan kwanar a sama shi ne allon da ke tsaye a wutsiya, wanda matuƙi ke karkatawa don ya juya hancin jirgi. Nan ne Injiniya ya zaunar da mu ya zana a ƙasa da tsinke. Allon nan ba shi da ƙarfin kanshi, iskar da ke wucewa ta kanshi ita ce ƙarfinshi, kuma in gudu ya ragu rabi ƙarfin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ita kuma farfela akasin haka take, lokacin da jirgi ke tafiya a hankali ne jan ta ya fi yawa. Kenan akwai wani gudu da in jirgi ya sauko ƙasa da shi da inji guda matacce da totur cike, ko ka murɗe allon har ƙarshe ba ya iya riƙe hancin. Duk jirgi mai injina dama da hagu shina da wannan lambar, manyan jirage a rubuce take cikin littafinsu. Namu ba wanda zai rubuta mana, sai mun nemo ta da kanmu, kuma ainihin abin da ya kai mu fako kenan.

Akwai gardamar da munka yi kan batir wadda nake ganin ta fi komai amfani duk da ba a sama anka yi ta ba. Batir biyu gare mu, kowane mai sel 6, in ya cika bolt 25.2 tunda kowane sel 4.2 ne. Hanya mafi sauƙin waya ita ce batirin dama ya ci da injinan dama, na hagu ya ci da na hagu, waya gajera, nauyi kaɗan. Ƙanena haka ya so. Injiniya ya ce mashi kai yaro, in batir guda ya mutu fa, ko dalmar fulogi ta saki, inji nawa ka rasa kuma ta wane gefe? Shiru. Sai munka raba su wani iri, batir guda na ci da na waje biyu, dama da hagu, ɗayan na ci da na ciki biyu, ko wanne ya tafi jirgin na rasa rabin ƙarfi amma ba ya karkata. Risiba mai karɓar saƙon rimot da ƙananan injinan da ke motsa allunan tuƙi kuma munka ba su ɗan batir nasu daban. Ni a aikin sola na sha ganin gida mai fanel ashirin ya kwana cikin duhu saboda fis guda, toh inji huɗu da ke shan wuta ta waya guda ba huɗu ba ne a wurina, guda ne.

Sai zafi. A watan Afrilu Sakkwato na wuce digiri 40 ba wani labari ba ne, kuma kowane inji na da 'yar kwantirola tashi, wadda 'yan harkar ke cewa ESC, ita ke juya wutar batir ta koma abin da injin ke ci, in ta yi zafi da yawa da kanta take rage wuta don kar ta ƙone. Lokacin da ka kashe inji guda sauran ukku kake ƙara ma aiki, kenan daidai lokacin da kake buƙatarsu ne suke fara gasuwa. Muna da 'yar bindigar auna zafi da ta rage tun lokacin korona, da ita nake bin su ɗaya bayan ɗaya, na iske biyu na ciki da munka cusa cikin kumfar fiffike sun fi na waje zafi nesa ba kusa ba. Wuƙa munka sa munka yanke masu ƙofar iska gaba da baya, munka liƙa masu guntun alminiyam da na ciro daga matacciyar inbata. Batir kuwa cikin kula yake zama a inuwa sai za a tashi, don irin wannan batirin in ya kumbura ba a yi mashi magani.

Farfela ma mun canza. Injin da ya mutu farfelarshi ba tsayawa take ba, iska ke ci gaba da juya ta kuma tana riƙe wannan gefen baya, ƙari kan matsalar da ake ciki. Mun sa mai naɗewa, wadda in ta tsaya iska ke kwantar da kunnuwanta jikin injin, amma sai an shiga saitin kwantirola an kunna birki, in ba haka ba juyawa za ta yi ta yi ba ta naɗewa. Wannan a bayan a-kori-kura munka gwada shi, ƙanena riƙe da fiffike direba na gudu, mutane na kallonmu kamar sabbin mahaukata.

Ranakun tashi kullum da asuba ne, a yi sallah a ɗauki hanya, kafin rana ta ɗaga iska ta fara. Tsarin shi ne ƙanena na riƙe da babban rimot, Injiniya na bayanshi da rimot mai makunnai ba ya faɗa mashi wanne zai kashe ko yaushe, ni kuma ina zaune kan tabarma da laftof ina karanta gudu da tsawo da ƙarfi kamar ɗan kamasho. Akwai Pixhawk cikin jirgin, wato ɗan akwatin kwamfuta mai iya tuƙi da kanshi da manhajar ArduPilot, amma mun bar shi shina rubuta bayanai kawai, ba mu ba shi tuƙi ba, don in kwamfuta na gyara karkata a ɓoye ba za ka san iyakar jirginka ba sai ran da ta gaza. Gudun kuma ta wani siririn bututu da ke hancin jirgi ake auna shi, ƙurar hunturu na toshe shi, kullum sai na duba na rufe bakin da yatsa na ga lamba ta motsa kafin a tashi. Kuma ba a kashe komai sai an hau sama sosai, inda in ya kife akwai wurin da za a tare shi.

Na ciki munka fara, shina tafiya daidai wajen kilomita 60 a awa. Wallahi ba don na ga lambar juyin injin ta faɗo sifili a laftof ba da ban san an kashe ba, ƙanena ya ɗan taɓa allon wutsiya shikenan, har shina cewa Baba a kashe mana. Injiniya ya ce ai tun ɗazu shina mace. Na waje kuwa ya nuna kanshi, hanci ya fizga hagu kuma fiffiken hagu ya sunkuya lokaci guda, don ban da jan da anka rasa, iskar da farfelar ke hura ma fiffike ita ma tana ƙara mashi ɗagawa, da ta ɗauke sai wannan gefen ya yi nauyi. Ya riƙe shi dai, allon wutsiya wajen rabi, ya ɗan kwantar da jirgin kaɗan zuwa gefen injina masu rai, a manyan jirage ma digiri 5 ake koyarwa kar a wuce. Ya zagayo ya sauka da ukku lafiya lau, yara na ta ihu.

Neman lambar nan ce ta ɗauki lokaci. A kashe na waje, a cika ma sauran totur, sai a riƙa ɗaga hanci a hankali gudu na sauka ni ina kira, hamsin da biyar, hamsin, arba'in da takwas, ƙanena na ƙara murɗa allon har sandar rimot ta kai bango. Wajen arba'in da biyar hancin ya fara tafiya hagu da kanshi a hankali kamar ba da gaske ba, kuma babu sauran abin murɗawa. Jirgin nan fiffikenshi ba ya kasa ɗaga shi sai gudu ya sauko wajen 35, kenan tsakanin 35 da 45 akwai wani rami, jirgin na tashi lafiya da inji huɗu amma in na waje ya mutu nan ba ya tuƙuwa. Kuma wane lokaci jirgi ke cikin wannan gudun da totur cike? Daidai lokacin da ya bar ƙasa. Tun daga ranar dokar ta zama ba a ɗaga hanci sai na kira hamsin, ko da fakon zai ƙare.

Maganin in an faɗa ramin shi ne abin da hannu ba ya so, a sauke hanci ƙasa a rage totur. Mutum ya ga jirginshi na faɗuwa zuciya cewa take ƙara wuta, alhali wutar ce ke juya shi. Injiniya ya sa ƙanena ya yi ta maimaitawa sama har yatsan ya saba.

Wani abin da ban taɓa jin masu yabon inji da yawa sun faɗa ba shi ne wahalar gane wanda ya mutu. Injin fetur in ya mutu kunne na ji, na lantarki guda cikin huɗu ƙugin kusan bai canzawa, balle daga ƙasa. Akwai tashin da jirgin na fuskantar mu Injiniya ya kashe na dama, ƙanena ya murɗa allon ta gefen da bai dace ba na ɗan lokaci don in jirgi na tahowa wajenka damarshi hagunka ce, sai da ya yi wani irin lilo kafin ya gyara. Injiniya bai yi faɗa ba, da munka zauna shan kunu ya ba mu labarin jirgin Boeing 737 da ya faɗi Kegworth a Ingila a 1989, injin hagu ne ya lalace matuƙan sunka kashe na dama mai lafiya, mutum 47 sunka rasu, sai kuma na Taiwan a 2015 da ya faɗa kogi a Taipei, shi ma injin mai lafiya anka kashe, mutum 43. Ya ce waɗannan ƙwararru ne da inji biyu kacal gabansu, kai kana da huɗu.

Daga nan ne tunanin ya zo a bar kwamfuta ta yi wannan ɓangaren. Kwantirololin na aiko da yawan juyin kowane inji, sai na rubuta ɗan umarni da yaren kwamfuta na Lua cikin ArduPilot, in inji ya tsaya alhali totur na sama a taɓa abokin zamanshi na ɗaya gefen. Injiniya ya so a kashe abokin gaba ɗaya jirgi ya miƙe sak. Mun gwada, ya miƙe ɗin, kuma da sanyin safiya na ciki biyu na iya riƙe shi har ya ɗan hau. Amma mun maimaita wajen ƙarfe sha ɗaya rana ta yi, sai ga shi shina sauka a hankali da totur cike. Iska mai zafi ba ta da kauri, tsakanin digiri 15 da ake lissafin littafi da shi da digiri 42 namu kaurin na raguwa kusan kashi 9 cikin 100, farfela da fiffike duk suna jin wannan, ga batir ya riga ya sha aiki bolt ya sauka. Ni na ce Baba a rage shi rabi kawai, sauran karkatar allon wutsiya na iya ɗauka, kar mu zubar da ƙarfin da muke da shi. Ya ce a gwada a gani, munka gwada, ya fi, bai ce na yi gaskiya ba amma bai sake tada maganar ba.

Irin wannan tsarin ba ƙaramin abu ba ne ko ga masu kuɗi, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi shekaru kan jirginta X-57 da anka tsara da inji 14 a fiffike, ta rufe aikin a 2023 bai taɓa tashi ba, toh mu da kumfa da boris ɗin gwangwan ba mu da dalilin gaggawa.

Na ƙarshe shi ne wanda tsarin batirinmu ya kamata ya hana faruwa, amma Injiniya ya ce sai mun gani da ido, biyu na hagu su mutu tare, an cire umarnin kwamfuta. Ya sa anka hau sama fiye da kullum har jirgin ya koma kamar shirwa. A gudun 60 ƙanena ya riƙe shi da ƙyar, allon a bango, totur rabi, shina sauka kaɗan kaɗan. Injiniya ya ce cika totur. Ƙanena ya ce Baba zai kife fa. Injiniya ya ce na sani, cika. Kafin in gama kiran lamba fiffiken dama ya hau sama jirgin ya juya cikinshi ya kalli rana, hanci ya yi ƙasa ya fara murɗawa, yaron mai gari na salati. Ƙanena ya janye totur duka, ya saki sanduna ya bari hanci ya nutse ya samu gudu, sannan ya jawo shi a hankali. Da na duba bayanan daga baya ya zubar da wajen mita 40 cikin 'yan daƙiƙu. Sauka ya yi ba wuta ko kaɗan kamar angulu, tayar gaba ta shiga kunyar gero ƙafar ta lanƙwashe, iyakar ɓarnar kenan.

Yanzu jirgin na kan tebur a warwatse. Za mu matso da injinan waje ciki kamar santimita 15 iyakar yadda farfelu ba za su haɗu ba, allon wutsiya kuma an yanka sabo mai faɗi da tsawo, duka don lambar nan ta 45 ta sauko kusa da 35 ramin ya ƙuntace. Da an gama duk gwajin sama sai an sake shi daga farko don lambobin da munka samu na tsohon jiki ne. Akwai kuma wanda ba mu taɓa ba tukuna, cire batir guda gaba ɗaya a sama, wannan sai rilen da munka yi oda, wato makunnin da zai yanke wutar batir, ta iso daga Legas.